Jarrabawar lasisin rediyon sha'awa a Amurka: abin da za ka haddace da abin da sai ka gane shi

A Amurka, babu tambayar da za ta zo maka a jarrabawar lasisin rediyon sha'awa (wato rediyon da mutum ke watsa sigina da shi don tattaunawa da wasu, ba don kasuwanci ba) wadda ba a riga an wallafa ta ba, har da amsarta. Wannan ba satar jarrabawa ba ce, haka tsarin yake. Wani kwamiti na NCVEC, haɗakar ƙungiyoyin masu sa kai da ke gudanar da jarrabawar, ne ke shirya tambayoyin, kuma ƙa'idar hukumar sadarwa ta FCC ta ce tarin tambayoyin kowane mataki ya ninka abin da za a tambaya a zama ɗaya aƙalla sau 10. Matakin farko, Technician, yana da tambayoyi sama da 400. A ciki ake ciro 35 a ba ka, idan ka ci 26 ka haye. Mataki na biyu, General, shi ma 26 cikin 35 ne. Na ƙarshe, Amateur Extra, 37 cikin 50. Tun 23 ga Fabrairu 2007 aka daina gwada mutum a kan saƙon Morse, saboda haka takardar nan ita kaɗai ce tsakaninka da lasisi.

Mai kaifin hadda zai iya shanye tambayoyin Technician cikin mako biyu ya ci jarrabawa. Inda gizo ke saƙar shi ne ranar da ya kunna rediyonsa: yana jin mutane amma ba sa jin sa, ko rediyon ya riƙa mutuwa duk lokacin da ya danna maɓallin magana, ko ya fita daga iyakar da doka ta ba shi bai sani ba. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da zai zo masa da zaɓi huɗu ya canki ɗaya.

Ba a ce hadda ba ta da amfani ba. Akwai abin da ba ya shiga kai sai da ita. Aikinka na farko shi ne ka raba tarin tambayoyin gida uku tun kafin ka fara karatu: abin da doka ta yanke, abin da ake lissafawa, da abin da sai hannu ya taɓa. Ɗauki alƙalami mai launi uku ka bi su ɗaya bayan ɗaya. Yini ɗaya ya isa, kuma shi ne yinin da ya fi kowanne amfani a duk karatun.

Abin da doka ta yanke

Wannan haddace shi kawai, kada ka ɓata lokaci neman dalili a kimiyya. Zangon mita 2 a Amurka daga 144 zuwa 148 MHz (megahaz, ma'aunin firikwansi) ne. Na santimita 70 daga 420 zuwa 450. Ana faɗin lambar kira, wato lambar shaidar tasharka, kowane minti 10 da kuma a ƙarshen magana. Lasisi shekara 10 yake yi. Mai Technician yana da damar magana da murya a zangon mita 10 daga 28.300 zuwa 28.500 MHz, da ƙarfin da bai wuce wat 200 ba. Wurin kiran juna kai tsaye a mita 2 shi ne 146.520 MHz. Rubuta irin waɗannan a ƙananan katuna, tambaya a gaba amsa a baya, ka riƙa muraja'a: yau, gobe, bayan kwana uku, bayan mako. Wanda ka faɗi a kansa ka mayar da shi farkon layi.

Abu biyu ka kiyaye a nan. Na ɗaya, ka haddace amsar kanta, kada ka haddace harafinta, domin ana iya jujjuya jerin zaɓin a takardar da za a ba ka. Na biyu, ka tabbatar da tarin da kake karantawa shi ne mai ci. Ana sabunta kowane tari bayan shekara huɗu. Na Technician da aka fara aiki da shi 1 ga Yuli 2022 wa'adinsa 30 ga Yuni 2026 ne, na General ya fara a 2023, na Extra a 2024. Tsohon littafin da wani ya ba ka aro zai iya koya maka dokar da aka riga aka canza.

Kuma wannan kashi na farko shi ne wanda ba ya ƙetare iyaka. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta raba duniya yanki uku. Amurka tana Yanki na 2, Afirka da Turai suna Yanki na 1, inda zangon mita 2 ya tsaya a 146 MHz, na mita 40 kuma ya tsaya a 7.200 MHz maimakon 7.300. Wanda ya haddace 146.520 ya zo ya danna shi a Kano ko Maraɗi ya fita daga zangon masu sha'awa gaba ɗaya. Lasisin FCC ma ba ya ba ka izinin watsa sigina a Najeriya ko Nijar ko Gana. Kowace ƙasa da hukumarta da lambobin kiranta, 5N a Najeriya, 5U a Nijar, 9G a Gana. Sauran kashi biyun kuwa, duk inda ka je da su suna aiki.

Abin da ake lissafawa

Fara da kalmar da duk mai sauraron rediyo ya sani: mita. Idan an ce za a ji shiri a gajeren zango a kan mita 19, tsawon igiyar rediyon ake nufi, daga wannan tudu nata zuwa na gaba. Amma idan mutum ya ce tasharsa ta FM tana kan mita 99.5, wannan lambar ba tsawo ba ce, firikwansi ne, wato yawan kaɗawar igiyar a daƙiƙa ɗaya, sau miliyan 99.5. Abin da ya haɗa su lissafi ɗaya ne: raba 300 da firikwansi a MHz, ka sami tsawon igiya a mita. Raba 300 da 99.5, ka ga igiyar tashar FM kusan mita 3 ce. Raba 300 da 15.5, ga mita 19 ɗinka na gajeren zango. Raba 300 da 146, ka ga dalilin da ya sa ake ce masa zangon mita 2. Lambar 300 ɗin daga gudun haske ta fito, kilomita 300,000 a daƙiƙa. Wanda ya gane wannan ya gama da tambayoyi da yawa a lokaci guda, ya kuma san dalilin da ya sa eriyar rediyon hannu gajera ce, ta gajeren zango kuwa sai an ɗaura ta tsakanin bishiyoyi.

Sai dokar Ohm. Bolt shi ne ƙarfin da ke tura wuta, amfiya yawan wutar da ke gudana, om kuma turjiyar da take gamuwa da ita. Bolt daidai yake da amfiya sau om. Wat daidai yake da bolt sau amfiya. Littattafai suna zana da'ira ko alwatika mai haruffa uku don a riƙe wannan, kuma ba laifi, amma da'irar ba za ta gaya maka dalilin da ya sa rediyonka ke mutuwa ba. Lissafin zai gaya maka. Rediyo mai wat 100 yana jan wajen amfiya 20 a bolt 13.8 lokacin da kake magana. A ce ka haɗa shi da batir da wayar tagulla mai kaurin 1.5 mm², tsawon mita 3. Wuta tana zuwa tana dawowa, saboda haka mita 6 za ka lissafa. Turjiyar irin wannan waya wajen om 0.0115 ce a kowace mita, jimla om 0.069. Ninka da amfiya 20: bolt 1.4 sun salwanta a cikin waya kafin su kai rediyo. Idan batirin yana kan bolt 12.4, abin da ke isa 11 ne kacal, shi ya sa rediyon ke ɗaukewa ko muryarka ta riƙa fita a dagule. Canza wayar zuwa mai 6 mm², asarar ta sauko wajen bolt 0.35. A tarin tambayoyin, duk wannan jimla ɗaya ce: a yi amfani da gajeruwar waya mai kauri. Wanda ya haddace jimlar bai san kaurin nawa ba.

Desibel, wanda ake rubutawa dB, yana tsorata mutane a banza. Lamba uku ka riƙe: dB 3 ninki biyu, dB 6 ninki huɗu, dB 10 ninki goma. Daga wat 5 zuwa 10, dB 3 ne. Daga wat 40 zuwa 10, an yi asarar dB 6. Amfaninsa shi ne ana tara shi ana ɗebe shi, maimakon ninkawa da rabawa. Ga inda yake ciwo: siririyar wayar eriya ta RG-58 tana cinye wajen dB 6 a tsawon mita 30 idan kana zangon mita 2. Ma'ana, rediyonka ya fitar da wat 50, abin da ya kai eriya bai fi 12 ko 13 ba, sauran ya zama zafi a cikin waya. Haka kuma siginar da ke shigowa take raguwa. Mai RG-213 asararsa ba ta kai rabin haka ba. Mutane da yawa suna kashe kuɗi su sayi rediyo mai ƙarfi alhali waya ce ke cinye musu.

Hanyar gane ko ka fahimci tambayar lissafi mai sauƙi ce. Rufe zaɓin huɗu da hannunka, ka amsa daga kanka. Sannan canza lambobin: inda aka ce om 100 ka sa 47, inda aka ce bolt 200 ka sa 12. Idan ka tsaya cak, hadda ce ka yi. Daga nan buɗe zaɓin, ka faɗi dalilin da ya sa kowace amsa ukun da ba daidai ba ta zama kuskure. Yawanci za ka tarar ɗaya ta fito ne daga ninkawa inda ya kamata a raba, ɗaya daga juya rabawar. Masu shirya tambaya sun san kuskuren da ake yi, su suka dasa shi a wurin.

Da yake jarrabawar da Turanci take, akwai wani tarko na musamman ga wanda ba harshensa ba ne: ido yana saba wa siffar amsar, doguwa ce ko gajera, da wace kalma ta fara, ba tare da ma'anar ta shiga ba. Maganinsa shi ne ka bayyana kowace amsa da Hausa, da babbar murya, kamar kana koya wa ƙaninka. Inda bakinka ya sarƙe, nan ne ba ka gane ba. Alamta wurin ka koma littafi.

Abin da sai hannu ya taɓa

A nan ya kamata ka fi daɗewa. Kayan ba su da tsada: mitar gwajin wuta irin ta masu gyaran rediyo, batir mai bolt 9, rizista (ƙaramin abin da ke yi wa wuta turjiya) biyu masu om 1,000 da ɗaya mai om 100, da 'yan wayoyi masu bakin kada.

Kafin ka auna komai, rubuta abin da kake tsammani. Bolt 9 a kan om 1,000 ya kamata ya ba da miliamfiya 9. Auna ka gani. Don auna bolt, bakunan mitar biyu ake ɗorawa a gefe da gefen abin da ake aunawa. Don auna amfiya kuwa sai an yanke hanyar wutar an sa mitar a tsakani, wutar ta bi ta cikinta. Jera rizistan nan biyu ɗaya bayan ɗaya: wutar ta koma miliamfiya 4.5, kowane ya ɗauki rabin bolt ɗin. Haɗa su kafaɗa da kafaɗa: ta hau zuwa 18. Yanzu sa mai om 100 shi kaɗai na ɗan lokaci kaɗan. Lissafi ya ce wajen wat 0.8 zai sha, alhali ƙananan rizistocin nan kwatan wat aka yi su su ɗauka. Zai yi zafi nan da nan, cire shi da sauri. Wanda ya ji wannan zafin ba zai sake mamakin dalilin da ya sa ba a maye fiyus mai amfiya 5 da mai 20 ba: fiyus ɗin ba zai yanke ba, waya ce za ta kama wuta.

Kuskuren da ya fi kashe mita shi ne a bar jan bakin a ramin auna amfiya sannan a je auna bolt. A wannan ramin mitar kusan waya ce miƙaƙƙiya, saboda haka ka gajarce batirin ke nan. In an yi sa'a fiyus ɗin cikin mitar ne zai tafi. Kada kuma ka auna turjiya a abin da ke da wuta. Kuma kada ka buɗe na'urar ba da wuta don kawai ka cire ta daga soket. Manyan kafasitocin cikinta, wato ma'ajiyar wuta, suna riƙe caji bayan an kashe.

Sai eriya. Gina ɗaya da hannunka, ko da ba ka sami lasisi ba tukuna, domin saurare da aunawa ba sa buƙatar izinin watsawa. Mafi sauƙi ita ce mai kwatan tsawon igiya ta zangon mita 2. Kana buƙatar soket na SO-239, waya mai tauri ta tagulla, da dalma. Sanda ɗaya a tsaye a tsakiyar soket ɗin, tsawonta a mita shi ne 71.5 a raba da firikwansi: a 146 MHz santimita 49 ke nan. Yanke ta a 51 don ka sami abin ragewa. Ƙafafu huɗu masu wajen santimita 51 a ramukan kusurwa huɗu, a lanƙwasa su ƙasa kimanin digiri 45. Lanƙwasawar ba ado ba ce. Idan ƙafafun suna miƙe, turjiyar eriyar a wurin haɗi wajen om 36 ce. Saukar da su yana ɗaga ta kusa da 50, daidai da wayar da rediyon.

Da ƙaramar na'urar awon eriya ta NanoVNA za ka ga inda SWR ya fi sauka. SWR ma'auni ne na yadda eriya ta dace da wayarta: 1:1 babu abin da ke dawowa, a 2:1 kashi 11 cikin 100 na ƙarfin yana komowa, a 3:1 kashi 25. Rediyoyin zamani suna rage ƙarfinsu da kansu idan ya yi yawa, don kare transistocin ƙarshe. Idan mafi saukar ya faɗo ƙasa da firikwansin da kake so, eriyar ta yi tsawo, ka rage. Idan ya faɗo sama, ta yi gajarta. Rage milimita 2 ko 3 a lokaci guda, domin milimita 5 kaɗai suna matsar da ita kusan MHz 1.5, kuma abin da ka yanke ba ya komawa. Ka yi awon a fili, nesa da bango da rufin kwano, kada jikinka ya kusance ta.

Ga abin da mai hadda ba ya taɓa sani game da SWR: lamba mai kyau ba shaida ba ce cewa siginarka na fita. Rizistan gwaji mai om 50 yana ba da 1:1 cif, kuma ba ya watsa komai. Haka ma doguwar waya mai asara tana ɓoye matsala. Koma kan mita 30 na RG-58 ɗin ɗazu. Ko babu eriya a ƙarshenta sam, abin da ya tafi ya rasa dB 6, ya dawo ya sake rasa dB 6, sai mitar da ke kusa da rediyo ta nuna wajen 1.7:1, mai ita ya ɗauka komai lafiya. Idan ruwa ya shiga waya, asara tana ƙaruwa, SWR yana iya ƙara yin kyau alhali sigina tana mutuwa. Saboda haka a auna a gindin eriya idan da hali, a kuma naɗe mahaɗar waje da tef mai hana ruwa.

Wajen kafa ta, doka ɗaya ba a sassauta ta: ka sa ta inda ko ta faɗi, babu ɓangarenta da zai zo kusa da wayar lantarki da ƙasa da ƙafa 10, wato mita 3.

Iyakar zango ma tana da abin ganewa a ƙarƙashin haddarta. Lambar da ke fuskar rediyo ba ita ce duk siginarka ba. Murya a tsarin USB (upper sideband, wani salon watsa murya) tana cin faɗin kusan kHz 3, wato 0.003 MHz, sama da lambar. Mai Technician da ya tsaya a 28.499 yana ganin yana ciki, amma muryarsa ta kai 28.502, ta wuce iyakarsa. Ya tsaya a 28.497 ko ƙasa. Siginar FM kuwa faɗinta kHz 10 zuwa 15 ne, rabi sama rabi ƙasa, don haka ta fi buƙatar a ja baya daga baki.

Sai rifita, na'urar da ake kafawa a kan dogon gini ko dutse tana karɓar sigina a wani firikwansi tana sake watsa ta a wani. Tazarar da aka saba a mita 2 kHz 600 ce, a santimita 70 kuma MHz 5. Idan kana jin ta amma ba ta amsa maka, bi su a jere: tazarar daidai take, sama ce ko ƙasa? Ka sa sautin CTCSS, ƙaramin sautin da ke buɗe ta, da take jira, misali 100.0 Hz? Eriyarka a tsaye take kamar tata, ko ka kwantar da rediyon? Kwantar da eriya a wannan zango yana rage sigina sosai. In duk waɗannan daidai ne, to nisa ne ko wani abu ya tare. Hau sama ka sake gwadawa.

Ka kuma riƙa saurare tun kana karatu. Jami'ar Twente a ƙasar Holan tana da rediyon gajeren zango da kowa ke iya juyawa ta intanet kyauta. Saurari zangon mita 20 da rana, mita 40 da 80 da dare, ka lura da yadda wasu ke buɗewa wasu ke rufewa. Tambayoyin yadda sigina ke tafiya ta sararin sama sun fi zama a kai bayan ka ji abin da kunnenka.

Tsarin lokaci da ranar jarrabawa

Mako huɗu zuwa shida, minti 40 a rana, sun ishi mai aiki. Kada ka fara gwajin kwaikwayo sai ka gama karanta sashe, in ba haka ba amsoshin za su manne maka kafin ma'anarsu. A mako na ƙarshe ka yi cikakken gwaji kullum, ka shiga jarrabawa idan kana samun 30 ko fiye sau biyar a jere. Ana ciro tambaya ɗaya ne daga kowane rukuni cikin 35, saboda haka tsallake sashe guda don ya yi wuya asarar maki ce tabbatacciya.

Kafin ranar, yi rajista a shafin FCC ka karɓi lambar rajista da ake kira FRN. Ba sai kana ɗan ƙasa ba, amma ana buƙatar adireshin aika wasiƙa a Amurka da kuma imel. Masu sa kai uku masu lasisi ne ke kula da zaman, ido da ido ko ta intanet. Ka je da katin shaida mai hoto da kalkuleta wadda aka goge ma'ajiyarta. Ba a yarda da ta wayar hannu ba. Zaman da ke ƙarƙashin ARRL, ƙungiyar masu rediyon sha'awa ta Amurka, dala 15 ne, wasu ƙungiyoyin ba sa karɓar komai. Idan ka ci Technician, yawanci za a ba ka damar gwada General nan take. Bayan haka FCC za ta aiko maka da imel ka biya dala 35 cikin kwana 10. Takardar shaidar cin jarrabawa da aka ba ka ba ta isa ka danna maɓallin magana ba, sai lambar kiranka ta bayyana a rumbun bayanan FCC.